Rini da Fenti: Sharhi a kan Matsalar Launi a Zanen Agadas

1.0 Gabatarwa

Akwai hukuncin da ake yawan yanke wa zane-zanen launi da ake yi a Agadas a kan takarda, ƙyalle ko katako, wai hannun masu zanen ya iya jan layi amma bai iya launi ba. Masu wannan magana suna da abin nunawa: sararin sama shuɗi guda tun daga bisa har ƙasa, rairayi ruwan goro kamar an tuttulo shi daga kwalba, hasumiyar babban masallaci da ɓangaren inuwarta ya yi dauɗa, da wuraren da launuka suka cakuɗe suka koma ruwan laka. Waɗannan aibobi suna nan, ba mai musunsu. Abin da wannan maƙala ke ja da shi shi ne dalilin da ake bayarwa. Garin da masu sana'arsa suka yi suna wajen haɗa ja da kore da baƙi a jikin sirdin raƙumi, da wuya a ce mutanensa ba su san launi ba.

Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa ilimin launi na Agadas ilimin rini ne, kayan da suka shigo daga waje kuwa kayan fenti ne, kuma kowanne yana da tsarin aikinsa. Da rini muna nufin launin da ke narkewa ya shiga jikin abu ya zama ɗaya da shi. Da fenti muna nufin garin launi wanda ba ya narkewa, yana zaune ne a bisa abu, wani danƙo na riƙe da shi. Zane yakan lalace a inda mai shi ya ajiye tsarin da ya gada bai kuwa mallaki na baƙon ba. Yakan yi kyau a inda ya sami hanyar tafiyar da baƙin kayan bisa tsarin gida.

Za mu fara da bayanin launi a sana'o'in gida, sa'annan mu dubi halin baƙin kayan. Daga nan za mu yi sharhi a kan jigogi uku da suka mamaye zanen kasuwa, mu kuma auna hanyoyin da masu zane biyu na Abzinawa suka bi.

2.0 Ilimin launi a sana'o'in gida

2.1 Fata da batta

Aikin fata shi ne babbar makarantar launi a ƙasar Abzin. A wajen Abzinawa matan maƙera ne ke ɗinka jakunkuna da matasai, a cikin gari kuma akwai masu takalma da masu sirdi. Ana jeme fatar akuya da bagaruwa, sa'annan a rina ta. Ja yana fitowa daga karan dafi, wato irin dawar da ake nomawa saboda jan ɓawon da ke lulluɓe da karanta. Rawaya daga gangamau. Baƙi daga kuloko, wanda ake jiƙawa da kashin maƙera. Abin lura game da kuloko shi ne baƙinsa bai cika a cikin tukunya ba, sai ƙarfen da ke cikinsa ya gamu da bagaruwar da ta riga ta shiga fatar. Launin ke nan a jikin fatar ake haifarsa. Koriyar fata kuwa, wadda ake samu daga garin tagulla da ruwa mai tsami, an daɗe ana sayo ta daga Kano, kuma saboda tsadarta ƙanana-ƙanana ake yanka ta a ɗora, ko a shimfiɗa ta a ƙarƙashin jar fata da aka huhhuda don ta riƙa leƙowa.

Daga wannan aiki ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Kowane launi ana shirya shi shi kaɗai, ba a gauraya biyu don a sami na uku. Kowane launi yana da iyaka, ko ɗinki, ko yanka, ko baƙin layi. Ana ƙara wa launi ƙarfi ta hanyar maimaita rini. Kuma layi ne ke gaba, launi na biye.

Battar Agadas ta ƙara mana ƙa'ida ta biyar. Ana lulluɓe siffar yumɓu da jiƙaƙƙiyar fata, a bari ta bushe. Sai a murza kakin zuma siriri kamar zare a liƙa shi a jiki bisa tsarin adon da ake so, a rina battar ja, a cire kakin. Inda kakin ya zauna rini bai taɓa ba, nan ne adon ke fitowa da hasken fatar kanta. Mai wannan aiki tun kafin rini ta san inda za ta bar wa haske. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo gare shi.

2.2 Baba da tawada

Rawanin da Abzinawa ke ji da shi, wanda suke kira alasho, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi, abin da ya sa Bahaushe ke ce masa ɗan Kura. Ƙyallen yakan fito daga ruwan baba kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi. Ana tsoma shi a shanya, a sake tsomawa, sau da yawa, daga ƙarshe mabuga su buge shi da garin shuni har ya yi ƙyalli. A baki ana ce masa baƙi, amma ido yana ganin shuɗi mai duhu wanda ke walƙiya jaja-jaja kamar tagulla duk lokacin da mai shi ya juya kai.

A makarantar allo kuma tawada gawayi ce da ƙaro. A Alƙur'anin da ake rubutawa da hannu a wannan yanki, kowane launi da aikinsa: baƙi na baƙaƙe, ja na wasula, rawaya ta hamza, kore na alamar sadarwa a kan alifi. A zayyanar allon sauka ma, alƙalami ne ke yanka gidaje, sa'annan a cika kowane gida da launinsa. Launin da ya tsallake gidansa kuskure ne.

2.3 Shaidar harshe

Hausa, wadda ita ce harshen kasuwar Agadas, tana da fari, baƙi, ja, kore, shuɗi da rawaya. Mafi yawan sauran da kalmar "ruwa" ake gina su: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan zuma. Harshen ke nan yana ɗaukar launi a matsayin ruwan da aka tatso daga wani abu, kamar yadda marini ke yi. Amsa-kamar da ke rakiyar launi kuma duk yabon cika suke yi: ja wur, baƙi ƙirin, fari fat, kore shar. Launin da bai cika ba sai a ce ya koɗe, koɗewa kuwa aibi ce a tufa. Idon da ya tashi da wannan ma'auni, in aka nuna masa fentin ruwa da aka tsinke don ya yi haske, abin da zai fara gani shi ne rinin da bai kama ba.

Kafin mu wuce, ya kamata a lura cewa baƙunta kaɗai ba ta hana a mallaki kaya. Rinin masana'anta, wanda aka fara haɗawa a Ingila a 1856, ya iso kasuwanninmu da sunan galura, kuma dukawa da masu zayyana sun karɓe shi ba tare da sun canja ko ƙa'ida ɗaya ba. Dalili kuwa galura rini ce, ta tarar da gurbinta a shirye.

3.0 Baƙin kaya da halinsu

Makarantar boko ce ta fara kawo fensir mai launi da ɗan akwatin fenti. Amma abin da ya mai da zanen takarda sana'a shi ne yawon buɗe ido. Tseren motoci na Paris-Dakar ya ratsa Agadas tun zagayensa na farko a 1979, kuma a shekarun 1980 garin ya zama ƙofar masu zuwa kallon duwatsun Abzin da Tenere. Baƙon yana neman tsaraba marar nauyi da za ta shiga akwati, wato kati, takarda ko ƙyallen da ake naɗewa. Da wannan kasuwa ne kayan da za mu bayyana suka yawaita.

Fentin ruwa, wanda ake kira akwarel, ɗan'uwan tawadar malam ne, domin abin da ke riƙe garinsa shi ne ƙaron dakwara, wanda ƙasashen Sahel ke sayar wa Turai. Sai dai yana zuwa da sharuɗɗa uku. Na farko, ba a shafa fari, farin takardar shi ne hasken zanen, don haka daga mai haske ake farawa a tafi zuwa mai duhu. Na biyu, ana sa ran mai zane zai gauraya launuka a faranti ya fitar da wanda babu a akwati. Na uku, sauyin launi a hankali, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, yana bukatar takarda ta jima da danshi. Wannan sharaɗi na uku yanayin Agadas bai yarda da shi ba. Matsakaicin ruwan sama na shekara bai kai milimita 200 ba, kuma da hunturu iska busasshiya ce ƙwarai, ga ƙura. Kafin buroshi ya komo daga faranti gefen shafin farko ya bushe, sai shafi na biyu ya bar tabo kamar bakin gulbin da ya janye. Takardar da aka yi domin wannan fenti mai kauri ce, takan kai giram 300 a kowace murabba'in mita, ta littafin makaranta kuwa ba ta kai sulusin haka ba, da ta sha ruwa sai ta tattare.

Gaurayawa ma tana da tarko. Kowane garin launi yana haɗiye wani kashi na haske ya mayar wa ido da saura. In aka haɗa uku ko huɗu, kusan duka hasken suke haɗiyewa, abin da ya rage shi ne ruwan lakar nan da ake zargi. Wanda ya saba ƙara ƙarfin launi ta hanyar ƙara rini, in ya ga launi bai yi masa ba sai ya ƙara wani a kai tun na farkon bai bushe ba, nan take zanen ya mutu.

Guwash fentin ruwa ne mai kauri wanda ke rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Ya fi kusa da ɗabi'ar gida, amma launinsa yana canjawa in ya bushe, kuma in an labta shi yakan tsage. Fentin roba, wato akrilik, wanda ya shiga kasuwar duniya a shekarun 1950, danƙonsa fari-fari ne yana ɗanye, garau in ya bushe, saboda haka launin da aka gani a buroshi ya fi wanda zai zauna haske. A zafin Agadas cikin ƴan mintoci yake daskarewa, kuma in ya bushe ruwa ba ya tashe shi. Alƙalamin launi mai bakin soso shi ne mafi sauƙin karɓa, domin abin da ke cikinsa rini ne, amma rana tana cinye shi, zanen da aka rataya a ƙofar shago ba ya jimawa bai koɗe ba.

A kan wannan sai a ɗora tsada. Karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994 ya mai da faran ɗaya na Faransa sefa 100 a maimakon 50, kuma fenti da takarda duk kayan waje ne. Mai zanen da kowace takarda ke da tsada a wurinsa ba ya iya ɓata goma don gwaji, alhali kuwa sai an gwada akan san na ƙwarai. Da yawa sun koma ga fentin mai na shafar ƙofofi, a kan kwali ko falanki.

4.0 Sharhi a kan jigogi uku

Kafin mai zane ya ɗauki buroshi, an riga an zaɓa masa launin garinsu. Heinrich Barth ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, kuma hotunan launi da ke cikin littafin tafiyarsa, har da na ƙasar Abzin, wani mai zane ne, Johann Martin Bernatz, ya shirya su a Jamus daga zayyanar da Barth ya yi, shi kuwa bai taka Abzin ba. Katin hoto na zamanin yawon buɗe ido ya ci gaba da wannan aiki: hoton da aka ɗauka dab da faɗuwar rana, rairayi kamar zinariya, sama shuɗiya. Wannan kati shi ne malamin mafi yawan zanen kasuwa, kuma abin da kyamara ke yi ba wahala, wato narkar da launi cikin launi, shi ne abin da ya fi wuya ga buroshi a busasshiyar iska.

4.1 Hasumiya

Hasumiyar babban masallaci, wadda asalinta ke komawa ƙarni na 16, tsawonta mita 27, ita ce tambarin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Gini ne na laka mai fuska huɗu da ke tsukewa zuwa sama, itatuwa sun fito a jikinsa. Launinta ba ɗaya ba ne a yini: da hantsi ruwan ƙasa mai haske, da tsakar rana kusan ruwan toka, da la'asar sakaliya jaja-jaja. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko ruwan goro kai tsaye daga akwati a shafa, sa'annan a zuba masa baƙi don fuskar da ke inuwa. Baƙi a cikin ruwan goro datti yake bayarwa, inuwar bangon laka kuwa tana ɗauke da shuɗin sama da hasken da ƙasa ke mayarwa.

Zanen hasumiya da ya fi gamsarwa shi ne wanda mai shi ya ɗauki fuskoki biyun da ake gani a matsayin gidaje biyu, kowanne da launinsa shimfiɗaɗɗe, da iyaka mai kaifi a tsakani, ya kuma ja inuwar kowane itace da alƙalami. Aikin baduku ne a kan takarda, kuma ya dace da gaskiyar wurin, domin ranar hamada haka take yanka inuwa, kamar da aska.

4.2 Rairayi da ayari

A nan ne ƙoƙarin narkar da launi ke tona asirin mai zane. Gangaren tudun rairayi yakan fito da sawun buroshi jere-jere, kowane sawu da busasshen gefensa. Sararin sama kuma shuɗi ne ko da wane lokaci ne, alhali duk wanda ya yi hunturu a Agadas ya san gefen sama fari-fari yake, ƙura ta shanye shi. Wannan aibi na biyu ba laifin fenti ba ne, mai saye ne ya zo da samansa a ka. A tsakiyar duk wannan, ayarin raƙuman da ke jere shi ne kusan kullum mafi rai a zanen: wuya, tozo, ɗagin ƙafa, mai ja a gaba, duk da baƙin layi. Wannan ƙwarewa tsohuwa ce a ƙasar. Raƙuman dawa na Dabus, a arewa da Agadas kusa da hanyar Arlit, waɗanda Christian Dupuy ya yi bayaninsu a 1987, babban cikinsu ya haura mita 5, kuma dabbare-dabbaren fatarsa duka da sassaƙa aka fitar da su. Mai kallo yana jin launin ba tare da an shafa komai ba.

4.3 Rawani

Turawa sun laƙaba wa Abzinawa sunan shuɗɗan mutane, zanen kasuwa kuwa ya ɗauki laƙabin ya mai da shi umarni. Rawanin da ke cikin kati shuɗin bula ne, irin wanda ke cikin akwati, ba shi da nauyi ba shi da ƙyalli. Abin mamaki, maganin wannan matsala yana hannun marina. Fentin ruwa yana karɓar shafi a kan shafi muddin na ƙasa ya bushe sarai, kuma kowane shafi yana barin na ƙarƙashinsa ya leƙo. Shafi siriri na ja, a bari ya bushe, sa'annan shuɗi sau uku ko huɗu, shi ke kusantar duhun ɗan Kura da walƙiyarsa. Tsomi da shanya ke nan. A wannan hanya saurin bushewar da ke ɓata gangaren rairayi ya zama taimako. Haka nan sharaɗin barin farin takarda, wanda ake ɗauka shi ne mafi baƙunta, mai adon batta ta daɗe da saninsa da kakin zumarta, har ma kaki yana hana fentin ruwa kama takarda kamar yadda yake hana rini kama fata.

Saboda haka wajibi ne mai sharhi ya rarrabe aibi iri biyu: wanda ya taso daga rashin sanin halin kaya, da wanda ya taso daga kwaikwayon kati. Shimfiɗaɗɗen launi mai iyaka ba ya cikin ko ɗaya. Paul Klee, wanda ya san fentin ruwa ciki da bai, da ya je Tunisiya a watan Afrilu na 1914 ya gamu da irin wannan haske, zanen da ya komo da su gidaje-gidaje ne na launi, kusa da kusa. Ba daidai ba ne abin da aka yaba wa Klee a mai da shi shaidar jahilci in ya fito daga hannun mutumin Agadas.

5.0 Hanyoyi biyu

5.1 Gilashi

Rissa Ixa, wanda aka haifa a 1946, Ba'abzine ne daga yammacin Nijar, kuma a Yamai ya yi suna da zane a bayan gilashi, sana'ar da ta fi bunƙasa a Senegal. Mun kawo shi nan ko da yake ba ɗan Agadas ba ne, saboda taskar adon da ya ɗiba ɗaya ce da ta Abzin. A wannan sana'a ana aiki ne a bayan gilashin a kalla ta gaba, don haka komai a juye yake: a fara jan layi, a bi da ƙananan ado, a cika gidaje da launi, bango ya zo ƙarshe. Abin da aka fara sawa shi ke zama a gaba, ba a gyara shi. Ga wanda ya koyi zanen Turawa wannan tsari wahala ne, ga wanda ya tashi a kusa da aikin fata kuwa tsarin gida ne. Gilashi yana kuma ba launi cika da ƙyalli, yana kare shi daga ƙura. Iyakar hanyar ita ce tana jawo mai zane zuwa ga jera kaya: tanti, sirdi, takobi, jaka, kowanne tsaf a wurinsa. In ba a yi hattara ba zane yakan koma rajistar kayan gargajiya, mutanen da ke ciki su daskare.

5.2 Tawada

Hawad, wanda aka haifa a 1950 a ƙasar Abzin, mawaƙi ne da ke rubutu da Tamajak a cikin baƙaƙen tifinag, Hélène Claudot-Hawad na fassarawa zuwa Faransanci. Tun daga Caravane de la soif na 1985 waƙoƙinsa ke tafe da zanen tawada, kuma sunan da ya ba wannan aiki shi ne ya zama kan littafin da ya tattara waƙoƙinsa a 2017, Furigraphie. Ya ɗauki baƙaƙen ya sake su da gudu har suka bar karantuwa suka zama motsi. A nan saurin bushewa ba abokin gaba ba ne, domin shafi ɗaya ake yi ba a komawa. Darasin da ke ciki shi ne taƙaitawa: baƙi da farin takarda sun isa su ɗauki zane. Amma wannan hanya kewaye matsalar launi ta yi, ba ta warware ta duka ba, kuma ƙarfinta ya dogara da waƙar da ke bayanta. Mai kwaikwayon da ya yayyafa tifinag a gefen kati don ado ya ɗauki ɓawo ya bar ƙwaya.

6.0 Kammalawa

Kasuwar da ta haifi zanen kati ta durƙushe. Tawayen shekarun 1990, wanda yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta rufe, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, sun yanke zuwan baƙin da ke saye. Asara ce ga masu sana'a, amma ta kuma ɗauke dalilin da ya sa ake shafa wa hunturu shuɗin sama. Tambayar da ta rage ita ce me za a koya wa mai tasowa, da wane ma'auni kuma za a auna aikinsa.

A Zariya, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a 1958, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, sun riƙe kayan aikin Turawa suka nemi tsari a gida, Okeke ya koma ga layin uli na ƙasar Ibo. Abin da ya yi daidai da haka a Agadas shi ne koyar da launi ya fara daga inda ɗalibi yake: launuka uku ko huɗu kawai, barin haske irin na batta, shafi bisa shafi irin na marina, gaurayawa ta zo daga baya bayan hannu ya san halin kowane gari. Ana ma iya haɗa fentin ruwa a gida, a niƙa jar ƙasa ko farar ƙasa, a tace, a kwaɓa da ƙaro da ɗigon zuma don kada ya yi saurin ƙeƙashewa. Launin ƙasa ba ya tsoron rana. Sai dai kada son gida ya rufe ido, gangamau rini ne mai saurin koɗewa a haske, bai dace da zanen da za a rataya ba.

Ga masu sharhi kuma, aikin da ke gabanmu shi ne gina kalmomin auna launi da Hausa, daga bakin majema, marina, mabuga da masu zayyana, tun suna nan ana iya tambayarsu. Muddin da ma'aunin katin hoto muke aunawa, za mu ci gaba da kiran gado kuskure, mu kuma yaba wa kwaikwayo. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Zanen ɗaurawa yake nufi, amma maganar ta hau kan na takarda.